Majami'ar Tubali ta Wusasa

Mu da muka taso a ƙauyukan Roni, cocinmu rumfar kara ce, sai daga baya aka samu kwano. Duk wanda ya je Zariya ya dawo, sai ya cika mana kunne da labarin majami'ar St. Bartholomew ta Angilikan da ke Wusasa.

Kawuna ne ya kai ni ina ɗan makaranta, mota daga Kazaure zuwa Kano, wata daga Kano zuwa Zariya. Ginin ƙasa ne tsantsa, na tubali da azara, irin soron fadar sarki. Kana shiga sanyi zai buge ka, ko da rana na tsakar ka. Kawu, wanda magini ne, ya ɗaga kai yana bin bakan gizon da ya ɗauke rufin, ya dafa bangon ya ce, "Yaro, duba kaurin nan. Hannun Zazzagawa ne." Ai kuwa ba banza ba, garin da mashahurin magini Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a ba zai rasa magina ba.

Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. A 1929 mishan ya koma Wusasa, bayan gari, aka tayar da wannan gini. A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya sha wahalarsa. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciya, ga kuma asibitin St. Luke da ke karɓar kowa, Musulmi da Kirista.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai sujadar Lahadi ce. Addu'a da Hausa, wa'azi da Hausa, 'yan zumuntar mata da anko suna buga tulu, dattawa da manyan riguna. Bayan an tashi ba mai gaggawar tafiya, sai gaishe-gaishe a ƙofa, ana tambayar mutan gida da damina.

Yau Wusasa na da bishop nata, siminti kuma ya cinye ko'ina, har ƙauyukanmu. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so kafin kowace damina, masu iya ɗaurin bakan gizo kuma sai ƙarewa suke yi. Jama'ar Wusasa da hukumar adana kayan tarihi, a taimaka a riƙe maginan nan, a ba su yara su koya.