Kwana Huɗu Da Na Ɓata A Lakwaja

Sa'ad da malaminmu na labarin ƙasa ya raba mana batutuwan da kowa zai yi bincike a kai kafin ƙarshen shekara, sai nawa ya faɗo a kan ambaliya, watau yadda mutane ke yi mata shiri, da abin da su ke yi in ta zo, da yadda gari ke farfaɗowa bayanta. 'Yan ajinmu suka ce na taki sa'a, tun da ni mutumin Lakwaja ne, ruwa ba baƙona ba ne. Na yi murmushi kurum. Da an ba ni zaɓi, da na ɗauki ko wane batu ban da wannan, domin akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa game da ruwan 2012. Yau zan faɗe shi a shafin nan namu, ko wani ya amfana.

Wanda bai san Lakwaja ba, a nan ne Kwara da Binuwai su ke haɗuwa, garin kuwa yana zaune tsakanin bakin ruwa da gindin dutsen Patti. A shekarar da na ambata ina koyarwa a wata 'yar makaranta ta unguwarmu, can ƙasa kusa da kogi, ba ni da takardar shaidar malanta tukuna. Cikin watan Satumba hedimasta ya tafi dubiya garinsu, ya bar mini mabuɗai. Ana nan sai na ji a rediyo, da Turanci, cewa an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, mazauna bakin kogi su koma tudu. Na ji sarai, na kuma fahimta, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma me na yi? Na fita na tambayi mai shayi ko ya ji, ya ce ai kullum haka su ke faɗa. Na leƙa gidan maƙwabcina, na tarar ana daka, ba wanda ke ɗaure kaya. Sai hankalina ya kwanta.

Akwai wani tsoho Banufe mai kwalekwale, jikokinsa biyu suna ajina. Ashe shi ya kafa sanda a bakin ruwa, ya yi mata tsaga-tsaga, kowace yamma sai ya je ya duba. Ya tare ni a hanya ya ce, "Malam, ruwan nan ba irin wanda ka sani ba ne. Shekaranjiya ya ci tsaga ɗaya, jiya biyu, yau uku. Kwashe littattafanku, ka gaya wa yara su gaya wa iyayensu."

Na ce, "To, Baba, Allah ya tsare. Bari hedimasta ya dawo."

Kwana huɗu na yi ina jiran hedimasta. A daren na biyar ruwa ya shigo mana.

Mun gode Allah, ba ɗalibina ko ɗaya da ya halaka. Amma rajista, da littattafan karatu, da taswirar da muka yi karo-karo muka saya, duk suka zama laka. Gidaje da yawa ba su fitar da hatsi ba, ba su fitar da tumaki ba, alhali kwana huɗu sun isa a fitar da su har a koma a kwashe gadaje. Da na buɗe baki a aji, da maganar ta shiga gida arba'in a yini guda. Bayan ruwa ya janye, waɗansu yaran ba su ƙara komowa makaranta ba, domin iyayensu sun tsiyace, an sa su talla, waɗansu kuwa an kai su wurin dangi a nesa. Daga baya hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce ambaliyar shekarar ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta kuma raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ni dai in na ji lissafin nan, bencin da ya zauna ba kowa a ajina na ke tunawa.

To, da wannan nauyi na shiga laburaren kwaleji. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ashe masana sun daɗe da sanin irina. Wani shaihun malami na Amurka, Dennis Mileti, ya yi shekaru yana nazarin abin da mutane ke yi in an yi musu gargaɗi. Shi da abokan aikinsa sun gano cewa ba safai mutum ya kan zabura da jin gargaɗi ba. Sai ya tsaya ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, ya duba ko maƙwabta sun motsa. Kai ka ce a bayana su ke tsaye ran da na je wurin mai shayi! Suka ce gargaɗin da ke tayar da mutum tilas ya faɗi abin da ke tafe, da inda zai auka, da lokacin, da abin da za a yi dalla-dalla, ya fito daga bakin wanda aka yarda da shi, a kuma yi ta maimaita shi. Na auna sanarwar rediyo da wannan ma'auni. "Mazauna bakin kogi su koma tudu." Wane bakin kogi? Wane tudu? Yaushe? Na auna maganar tsoho kuma, sai na ga ta cika sharuɗɗan kusan duka, ba tare da ya taɓa shiga aji ba. Ni ne dai na raina ta, don ba ta zo a takarda ba.

Abu na biyu ya shafi ceto. Mu kan zaci in masifa ta auku sai a zauna a jira motocin gwamnati. A girgizar ƙasar da ta rushe birnin Kobe na Japan a 1995, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, an lissafa cewa kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini, maƙwabta da 'yan'uwa ne suka zaƙulo su. Wannan ban sha wahalar yarda da shi ba, gani ya kori ji. A darenmu masu kwalekwale ne suka yi ta jigilar tsofaffi da masu jego har gari ya waye, domin su suka san ɗakin da makauniya ke kwana.

Wani masani kuma, Daniel Aldrich, ya fitar da littafi a 2012 inda ya gwama garuruwa bayan masifu huɗu: Tokyo a 1923, da Kobe, da gaɓar Indiya bayan ambaliyar teku ta 2004, da New Orleans a 2005. Ya ce unguwar da mutanenta suka san juna, su ke taruwa, su ke da ƙungiyoyi, ta fi saurin miƙewa, kuma wannan ya fi yawan dukiya ko yawan agaji nuna wadda za ta farfaɗo. A hutun da ya wuce na koma gida da takardun tambayoyi da na buga da Turanci, ina taƙama. Ba su yi mini amfani ba, sai da na ninke su na zauna a tabarma aka yi hira. Matan da ke adashi suka ce kuɗin zubi aka ba wadda ɗakinta ya fara faɗuwa, ba a bi layi ba. Makarantarmu ma da gayya aka tashe ta, wannan ya kawo kwano, wancan ya kwaɓa ƙasa. Amma kada in yi wa zumunci kirarin da ya wuce shi. Baƙin da suka zo ci-rani, ba dangi ba ƙungiya, ba wanda ya tuna da su wajen rabo, Aldrich kansa ya lura da irin wannan. Kuma zumunci ba ya tare kogi, ga shi a 2022 ruwa ya sake cin unguwannin nan, ya kashe fiye da mutum 600 a ƙasa baki ɗaya.

Amma labarin da ya hana ni barci na malamai ne, shi ya sa na ke so 'yan'uwana na kwalejin nan su ji shi. Ran 11 ga Maris 2011 teku ta yi ambaliya a arewa maso gabashin Japan bayan girgizar ƙasa. A garin Kamaishi, wani shaihun malami, Toshitaka Katada, ya riga ya yi shekaru yana aiki da malaman makarantu, suna koya wa yara abu uku: kada ka dogara ga abin da aka zata, yi iyakar ƙoƙarinka, kuma ka zama na farkon gudu. Da ƙasa ta girgiza, manyan yara suka ruga tudu, suka kama hannun ƙanana. Da suka isa wurin da aka tsara, suka ga bai yi musu ba, suka ƙara hawa sama, ruwa kuwa ya zo ya shafe wurin na farko. Garin ya yi hasarar mutum wajen 1,000, amma cikin 'yan makaranta kusan 3,000, biyar kaɗai suka rasu. A wannan rana kuma, a makarantar Okawa ta yankin Ishinomaki, an tara yara a fili, aka yi kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, ga tudu nan bayan makaranta. Yara 74 da malamai 10 suka halaka. Ba na zargin malaman nan, wane ni. Su minti 50 suka yi, ni kwana huɗu na yi. Sa'ar da na ci ita ce kogi a hankali ya ke tasowa.

Kowace shekara hukumar da ke auna ruwayen ƙasar nan ta kan fitar da hasashen ambaliya, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Aiki ne mai kyau, amma ban taɓa ganinsa a ɗakin malamai ba sai da na nema da kaina. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga mu kuwa ana horonmu mu tsaya gaban yara arba'in ko hamsin kullum, kowane da gidan da zai koma da yamma.

Saboda haka da aka tura ni koyarwar gwaji a wata makaranta ta bakin kogi, na roƙi hedimasta ya ba ni darasi biyu. A na farko muka zana taswirar unguwa a allo, yara suka nuna inda ruwa ya tsaya a 2022, da gidajen da ke da tsofaffi ko guragu. Na ba su labarin sandar tsoho, har da amsar da na ba shi, suka yi mini dariya, na ce na cancanta. A na biyu aka buga ƙararrawa, muka fita a jere zuwa tudu, kowane babba riƙe da ƙarami, ni ina duban agogo. Muna isa, ina murna, sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, hanyar da ka bi da mu ta cikin kwari ce. Nan ruwa ya ke fara cikawa."

Na tambaye ta wace hanya su kan bi in an yi ruwa, ta ce ta bayan injin niƙa. Muka koma aji, na goge layin da na zana, na miƙa mata alli.