Naɗin Furotin: Daga Tukunyar Awara Zuwa Jinin Mai Sikila

Kowace asuba, a wata unguwa ta Tsafe, wata mai awara takan tafasa madarar waken suya, ta zuba ruwan tsami, ta tsaya har farin ruwan ya yi guda-guda. Ba ta taɓa jin kalmar furotin ba, amma da shi take ciyar da gidanta, kuma shi ne ke kwantar da ɗanta na fari duk hunturu.

Furotin tamkar carbi ne mai tsawo, wanda aka jera da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. A miƙe ba ya aikin komai, sai ya naɗe. Duwatsun da ke ƙin ruwa sukan ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, har ya ɗauki siffa guda da yake aiki da ita. Christian Anfinsen ya nuna cewa jerin duwatsun ne ke yanke wannan siffa, ya kuma sami kyautar Nobel a 1972. A tukunyar awara, zafi ne ke warware naɗin, tsami kuma ya sa zaruruwan su manne da juna.

Matsalar yaron ta fi haka ƙanƙanta. Hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, yana da sarƙa mai duwatsu 146. A jinin mai sikila, dutse na shida kaɗai ya sauya: balin mai ƙin ruwa ya maye gurbin gulutamik asid mai son ruwa. Naɗin ya tafi kusan daidai, sai dai baƙon dutsen ya tsinci kansa a waje. Da zarar an sauke oksijin, sai ya nemi mafaka a jikin furotin na kusa, wancan ma haka, har su zama doguwar sanda da ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Ƙwayar ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya taso. Lafiyayyar ƙwaya kan yi kwana 120, wannan da ƙyar take kai 20.

A 2024 an ba waɗanda suka ƙirƙiri AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, kyautar Nobel. Amma abin da gidan mai awara ke buƙata ya fi kusa: gwajin jini. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu na haifar mai sikila.

'Yarta AS ce. Da wani saurayi daga Bungudu ya turo magabatansa, dangi suka ce a sa rana, ita kuwa ta ce sai an je Gusau an yi gwaji.

"Inna, idan shi ma AS ne fa?" in ji yarinyar.

Uwar ta dubi ɗakin da yayanta ke kwance. "Sai mu yi kuka na wata ɗaya, 'yata. Ni na yi na shekara ashirin."