Mai Zuga Wuta Yau, Gwanin Gobe



Mu nan Sabon Birni da Isa, in mun ga fasasshiyar kwalba, ture ta gefe muke yi kada yaro ya taka. Amma a unguwar Masaga da ke Bida, ƙasar Nufawa, ita ce jarin gwani: narka ta yake yi, ya mai da ita duwatsun wuya da awarwaro.

Mutanen Masaga suna cewa daga Masar kakanninsu suka taso. A da, da kansu suke haɗa wani baƙin gilashi daga yashi da kanwa. Da kwalabe suka yawaita, sai suka koma narka su. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu.

To, daga ina gwanin ya fara? Daga bakin zugazugi. Yaro ne yana zuga wa manya wuta, zufa na karyo masa, ba a miƙa masa sandar ƙarfe ba tukuna. A zaman nan idonsa ke koyon gane gilashin da ya narke daidai. Ran da aka ba shi sandar, zai tarar aikin ba ya son nawa, ba ya son gaggawa: in ya yi jinkirin naɗawa, gilashin ya daskare; in ya bari ya huce farat ɗaya, ya tsage.

Rashin tsaro ya raba da yawa cikinmu da gona da makaranta, wasunmu ma sun tsallaka wajen Maraɗi. Zaman banza ya yi yawa, masu kiran matasa zuwa kuɗin dare ɗaya kuwa ba su barci. Duk da haka mukan ji saurayi yana cewa ya fi ƙarfin zama yaron tela ko na mai walda. Ɗan'uwa, wanda ya raina zugazugi ba zai riƙe sanda ba. Je ka durƙusa wa mai sana'a, ka share shago, ka buɗe ido.

Ku kuma iyayenmu masu sana'a, kowa ya jawo yaro ɗaya kusa da shi. Ilimin da ba a miƙa ba, kabari yake bin mai shi.

Ubangiji ya ba mu haƙuri, ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.