Wayar da Ta Gaji a Fadamar Argungu

Akwai wani matashi a Argungu da na taɓa zarga da lalaci, kuma sai da na yi mako biyu kafin na gane cewa zaluntarsa na yi.

A wani rani ne aka ɗora mini kula da matasan da ke yi wa manoman shinkafa rajista domin wani shirin tallafin taki da iri. Kowannensu zai je gona, ya buɗe manhaja mai taswirar tauraron ɗan Adam, ya shata iyakar gonar da yatsa, sannan ya ɗauki hoton mai ita. Faɗin da manhajar ta lissafa shi ne mizanin takin da manomi zai samu. Na gwada ta a wayata, a ofis a Birnin Kebbi, ƙarƙashin fanka. Taswirar tana bin yatsana kamar inuwa. Nan take na yanke cewa mutum ɗaya zai iya gona ashirin a yini. Shi kuwa wannan matashi bakwai yake kawowa, wasu ma iyakokinsu a karkace.

Ranar da na bi shi fadama, na tafi ne da niyyar kama shi. Muka tsaya a gonar wani dattijo wajen azahar, ya ciro wayarsa. Da ya ja taswira sai ta cije, can ta yi tsalle ta wuce inda yake nufi. Ya dangwala kusurwar gona, alamar ta sauka a gonar maƙwabci, domin abin da idonsa ke gani ya riga ya zama tsohon labari. Ya miƙo mini ita ya ce, "Yallaɓai, taɓa ka ji." Bayanta kamar murfin tukunya. Dattijon, wanda ya bar injin ban ruwansa yana jiranmu, ya ce, "Ɗana, in ta gaji ku bar ta ta huta, ni dai kada a rage min gonata."

Daga baya ne na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Motsin da muke gani a allon waya ba motsi ba ne. Hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, galibi 60 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan waya tana da kimanin milisakan 17 ta kammala kowane hoto. In ta makara, allo zai maimaita na baya, kuma wannan maimaitawa ita ce cijewar da muke gani.

Mai wannan aiki wani sashe ne na ƙwaƙwalwar waya da aka keɓe wa zane. Tsarinsa ya yi kama da ranar kamun kifi a Matan Fada: ba ƙarfin masunci ɗaya ake dogara da shi ba, yawan hannuwan da suka faɗa ruwa da homa lokaci guda ne ke cika aiki. Waya mai tsada tana da irin waɗannan hannuwa da yawa, mai araha kuwa 'yan kaɗan. Kuma ba maƙera ɗaya ba ne: Qualcomm na da Adreno, ARM na da Mali, Imagination na da PowerVR, kowanne da inda ya ƙware da inda yake tuntuɓe. Akasarin wayoyin Tecno, itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu suna aiki ne da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc, kuma ba irinsu ne aka saba gani a aljihun masu rubuta manhaja ba.

Abu na biyu shi ne yawan ɗigon da ke allo. Allo mai ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo yana da ɗigo 1,152,000, kuma kowanne sai an ba shi launinsa a kowane hoto. Tabulet mai 1,200 da 1,920 yana da 2,304,000, ninki biyu daidai. Nan na gane dalilin da ya sa tabulet ɗin da muka ba wasu matasan, muna ganin gata muka yi musu, ya fi wayoyin nauyi: gona ta ninka, manoma ba su ƙaru ba. Hoton manomi ma yana da nasa kaya. Hoto mai ɗigo miliyan 12, in aka buɗe shi yadda yake, yana cin kimanin megabait 48 na ma'ajiyar aiki. A wayar da ke da gigabait 2, 'yan irin waɗannan sun isa su sa manhaja ta rufe kanta.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu, zafin kwarin Rima yakan haura digiri 40. Waya a gona tana ƙure hasken allonta saboda rana, tana neman tauraro, tana kunna kyamara, wani lokaci ana yi mata caji duk a lokaci guda. Idan ta ɗau zafi, da kanta take rage gudunta don kada ta lalace. Wayar da ta yi aiki da hantsi ba ita ce ta azahar ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da sanin haka. Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, Google kuma ya kawo Android Go a 2017, duka domin ƙananan wayoyi. Mu da muke zaune cikin masu irin waɗannan wayoyi ne muka manta.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Muka roƙi masu manhajar su cire inuwoyi da ƙyale-ƙyalen motsi, su rage girman hoto kafin a nuna shi, su daina zana gonakin ƙaramar hukuma gaba ɗaya alhali guda ake aunawa. Muka mayar da fita gona bayan asuba. Ba a yi mako ba matashin ya ninka abin da yake kawowa. Gonar dattijon kuwa, da aka sake aunawa, an tarar an yanke masa kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ke damuna har yau shi ne gonakin da ba mu koma ba. Manomin da aka rage wa taki ba zai taɓa sanin cewa wani hoto ne ya makara da 'yan milisakan ba. Zai ce rabonsa ke nan.

Saboda haka, kai da ke sa hannu a kwangilar manhaja don asibiti, makaranta ko ma'aikata, kada ka amince da gwajin da aka yi maka a wayar mai sayarwa. Ka ari wayar mafi ƙanƙantar ma'aikacinka, ka fita da ita rana tsaka, ka yi aikin da zai yi na rabin sa'a. Abin da ka gani a nan shi ne manhajar da ka saya.

Matashin nan na ba shi haƙuri a gaban abokan aikinsa, tunda a gabansu na yi masa faɗa. Murmushi kawai ya yi, ya ce ai tun ranar farko ya gaya mini wayar ce.