Ninki Nawa Ake Buƙata Kafin A Ga Jinjirin Wata?

  

'Yan uwa matasa, madubin hangen nesa ya fara shigowa ƙauyukanmu, kuma tambayar da ɗalibai suka fi yi mini a kansa ita ce: "Malam, wanne ya fi jawo abu kusa?" Ba laifinsu ba ne, domin da wannan kwalin madubin yake tallar kansa. Sai ka ga an rangaɗa 525x da manyan baƙaƙe, ga hoton Zuhal da zobensa a gefe. A ganina, wannan lamba ita ce mafi ƙarancin amfani a jikin kwalin, musamman ga wanda burinsa neman jinjirin wata.

Ga yadda lissafin yake. Idan an rubuta 70/700 a jikin madubi, faɗin babban gilashinsa na gaba milimita 70 ne, tafiyar da haske yake yi a cikinsa kafin ya tattaru wuri guda kuwa milimita 700. Ƙananan gilasan da ake kafa ido a kansu ana cire su a sauya, kowanne da lambarsa: 25, ko 10, ko 4. Raba 700 gida 25, ka sami ninki 28. Mai lamba 10 zai ba ka 70, mai lamba 4 ya ba ka 175. Sai a ƙara wani bututu da ake kira Barlow mai ninkawa sau uku, lissafi ya kai 525. To, daga nan lambar kwalin ta fito. Amma ƙa'idar da masu wannan fanni suka sani ita ce, ninki mai amfani ba ya wuce faɗin gilashin gaba sau biyu, wato 140 a wannan madubi. Abin da ya haura haka dushi-dushi ne kawai, kamar ka ja ƙaramin hoto a waya har ya farfashe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma asarar da ba a faɗa wa mai saye. Duk yadda ninki ya ƙaru, haka filin saman da kake gani yake ƙuntata. Faɗin wata a sama kusan rabin digiri ne. A ninki 28 za ka iya jera wata kamar uku a cikin da'irar da kake kallo, a ninki 175 ko guda ɗaya ba zai shiga gaba ɗaya ba. Ga shi ƙasa tana juyawa, wata yana gusawa gwargwadon faɗinsa a cikin minti biyu kacal. Jinjirin daren farko kuwa siriri ne kamar zare, yana ƙasa-ƙasa cikin jan shafaƙi, kuma sau da yawa ba ya kai awa guda bayan faɗuwar rana. Wanda ya neme shi da babban ninki tamkar mai neman allura ne a gona ta cikin kafar kara.

Nan Bacirawa, bayan an yanke dawa gonaki sun buɗe, mukan fita da manyan ɗalibai mu tsaya inda kuka da darbejiya ba su tare yamma ba. Abin da na lura da shi shi ne, mai riƙe da tabarau mai ido biyu yakan riga mai babban madubi ganin wata, alhali nasa ninki 7 ne kawai. Wanda aka rubuta wa 7x50 yana ɗauko fili mai faɗin digiri kusan 7, kuma yana tara haske sosai. Hazo ma abin lissafi ne. Ramadan na 2024 da na 2025 a watan Maris suka kama, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana kusan 11, wato yana shiga tsakiyar hunturu. Ninki ba ya huda ƙura, sai dai ya ƙara girman dusashewar.

Kada wani ya raina ƙaramin ninki. Madubin da Galileo ya gano watanni huɗu na Mushtari da shi a Janairun 1610 ninkinsa kusan 20 ne. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa suke kira Surayya, ta fi wata faɗi kusan sau huɗu, saboda haka babban ninki yanka ta yake yi, a bar ka da kaza ba 'ya'ya.

Abin da ya fi damuna shi ne shaida, domin azumin jama'a da sallarsu suna rataye a kan bakin wanda ya ce ya gani. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da wata da adalai biyu, ko da taron da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. A Nijeriya labari yakan bi ta hannun masu unguwanni da hakimai da sarakuna, kwamitin ganin wata na ƙasa ya tantance, Sarkin Musulmi ya sanar. Madubi kuwa yana iya ruɗar mai gaskiya. Zara, wadda muke kira matar wata, ita ma takan zama jinjiri. A yammacin 28 ga Fabrairun 2025, ranar da aka nemi watan Ramadan na 1446, tana can yamma a siffar lauje, kuma a ninki 40 girmanta ya kai na wata a ido tsirara. Sabon shiga zai iya rantsuwa ya ga wata, bai yi ƙarya da gangan ba, amma ba wata ya gani ba. Haka nan yawancin madubai suna kife hoto, ko su mai da dama hagu. A ƙasarmu jinjiri yakan kwanta kamar ƙwarya, ƙahonninsa suna kallon sama, sai madubi ya nuna maka shi a kife. Idan aka tambaye ka ina ƙahonnin suka fuskanta, dole ka san halin naka madubin kafin ka amsa.

Gargaɗi guda: kada ka ɗaga kowane madubi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallo ɗaya ya isa ya ƙona ido, ƙunar da ba ta warkewa. Ƙaramin baƙin gilashin nan da ake cewa na kallon rana ne, wanda ake ɗaurawa a wajen ido, yakan tsage da zafi. Jefar da shi.

Idan kuɗinka kaɗan ne, sayi tabarau 7x50 ko 10x50. Idan ka riga ka mallaki madubi, sa gilashi mai lamba 25 ko 32, abin da ya rage maka na kuɗi ka nemi ƙafa uku mai nauyi wadda iska ba ta kaɗawa. Barlow ya zauna a kwali sai daren da sama ta yi garau kake son Mushtari ko Zuhal. Ka saba da saita madubin da hantsi a kan hasumiyar masallaci mai nisa, rana tana bayanka, sannan ka gwada a kan watan kwana uku, kafin yammacin 29 ga Sha'aban ya same ka.

Wallahu a'alam.