Dare ɗaya a bakin dam ɗin Murwani

Shekara biyu ke nan ina karatun digiri na biyu a Jidda, amma sai a sanyin da ya wuce na fara kwana a daji, ba rufi a kaina sai tanti. Ƙawata ce ta ja ni. Haifaffiyar nan ce, sunan gidansu Hausawi, cikin zuriyar mutanenmu da suka tako aikin Hajji ta Sudan suka yi zamansu. Ta ce danginta za su fita kashta bakin dam, lallai in zo. Kashta ita ce fitar da mutanen ƙasar nan ke yi zuwa bayan gari da zarar zafi ya sauka: a loda darduma da butar gahawa da nama a mota, a nemi fili a baje. Jin kalmar dam sai da na yi dariya a raina. Ƙasar da babu kogi ko ɗaya mai gudana shekara duka, ruwan famfon Jidda ma na teku ne da ake cire wa gishiri, wane ruwa za a tare?

Mun tashi bayan sallar Juma'a da motoci uku, ƙawata ke tuƙa tamu (tun watan Yunin 2018 mata ke tuƙi a nan, amma har yau in na faɗa wa kakata a waya sai ta yi salati). Muka yi arewa maso gabas ta Usfan zuwa Khulais, garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar ayari tsakanin Makka da Madina. Daga Khulais hanya ta shige cikin baƙaƙen duwatsu, ba komai sai itatuwan ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Can da la'asar sakaliya muka sha wata kwana, sai ga ruwa kwance tsakanin tsaunuka, shuɗi, ko motsi ba ya yi. Yaran da ke bayan mota suka ɗau ihu.

Madatsar Murwani ke nan. An gina ta ne don tare ambaliyar kwarin da kuma adana ruwan sha, kuma in ta cika tana ɗaukar sama da kubik mita miliyan 180. Ba a cike muka same ta ba. A jikin duwatsu ana ganin farin zane inda ruwa ya taɓa kaiwa, can sama da inda yake yanzu.

Wurin kafa tanti ne ya kawo gardama. Samarin sun hango wani shimfiɗaɗɗen yashi a cikin kwari, mai laushi, ba iska, har sun fara sauke kaya. Kakar ƙawata, wadda kowa ke kira Hajiya, ko fitowa daga mota ba ta yi ba. Ta sauke gilashi ta ce a kwashe a hau tudu. Suka ce ai sama tas take, ko gajimare babu. Ta ce ruwan da ke cin mutum a kwari ba a kansa ake yinsa ba, a kan duwatsu can nesa ake yi, sai dai ya iso da dare. Ba wanda ya ƙara magana. Daga baya ƙawata ta gaya min dalili. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, alhazai na shirin hawan Arfa washegari, ruwan sama na 'yan awoyi ya gangaro daga kwarurukan gabashin Jidda ya afka wa unguwanni irin su Ƙuwaiza, mutum sama da 100 suka rasu. Hajiya tana garin ranar. Muka hau tudu, kan tsakuwa, duk daren ina jin ta a haƙarƙarina.

Gawayi daga gida aka taho da shi, domin sare itacen daji laifi ne a nan, akwai tara mai nauyi. Kawun ƙawata ya gasa abin da suke kira siriye, naman da aka barbaɗe da garin gyaɗa da yaji. Tsirenmu ne sak, sunan ne kawai ya ɗan karkace a bakin Larabawan Makka da Jidda. Bayan isha'i sanyi ya sauko, na lulluɓa da bargo kusa da Hajiya. Hausarta tsohuwa ce, ta cakuɗe da Larabci, jikokinta ba sa jin rabinta. Ta ce, “'Yar nan, ku a Kano akwai ruwa kamar wannan?”

Na ce, “Hajiya, akwai wanda ya ninka shi goma.”

Ba ƙari na yi ba. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, an gina ta ne ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2, kuma tafkinta ya kai faɗin murabba'in kilomita 178. Tsakaninta da birnin Kano kilomita 70 ne ko kusa da haka. Ruwanta ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafar da na tashi ina ci da tumatirin Kwanar Gafan da ake lodawa zuwa kudu, duk albarkacinta ne. Tana da nata laifin kuma: ita da madatsar Challawa sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman can suna ji a jikinsu. Duk wannan na zayyana wa Hajiya kamar mai kare kundin bincike. Ta saurara, sannan ta ce, “To kin taɓa kwana a bakinsa?”

Sau ɗaya na je Tiga a rayuwata, muna aji biyar na sakandare, a motar makaranta. Aka nuna mana bangon dam da otal ɗin Rock Castle a kan dutse, muka ci burodi da lemo, kafin magariba mun dawo gida. Tun ana gobe tafiyar Ummata ba ta runtsa ba. Ita ruwan dam a wurinta Bagauda ce ta 1988, da madatsar ta fashe cikin damina ta tafi da gidaje da rayuka. Tsoronta da na Hajiya iri ɗaya ne, sai dai Hajiya nata tsoron tudu ya hau da ita, ta kwana tana kallon ruwan.

Ba na so in yi wa mutanenmu rashin adalci. A nan akwai kwalta har kusa da wurin, mai da araha, kuma mace na iya kwana a daji da danginta ba ta tunanin wanda zai faɗo musu da tsakar dare. A gida, uban da ya ce zai kai iyalinsa su kwana a bakin Tiga, abin da za a fara tambayarsa shi ne tsaro, kuma tambaya ce mai hujja. Sannan a wajenmu kwanan daji na mafarauci ne da makiyayi da wanda tafiya ta yanke wa. Amma dai abin ya tsaya min a rai, ganin mutane sun yi tafiyar awa biyu don su zauna gaban ruwan da bai kai kashi ɗaya cikin goma na namu ba, suna ɗaukar hotonsa, suna nuna wa jarirai.

Wurin ba aljanna ba ne. Babu banɗaki, sai bayan dutse da buta da cocila, ƙawata na gadi. Sauro ya same mu har kan tudu. Wasu da suka riga mu sun bar ledoji da gwangwanaye, da safe Hajiya ta sa yara suka tsince har da waɗanda ba namu ba. Iyo kuwa ba a ma tayar da zancensa ba, don kowa ya san laka da zurfin ruwan dam.

Da asuba na riga kowa tashi. Hazo ya kwanta a kan ruwan, wasu fararen tsuntsaye masu kama da balbela suna tsaye a gefe. Waya ta kama layi ɗaya tak, na tura wa Yayana hoto, na rubuta masa cewa in na zo hutu ina so ya kai ni Tiga, mu yi sammako, mu kai har faɗuwar rana. Sai da muka kusa Usfan amsarsa ta shigo. Ya ce ya ji, amma ni zan gaya wa Umma.