Ƙurar Sukuwa a Ƙasar Lautai

Da kaka ta yi, an kawar da gero an roro wake, gonakin bayan gari sai su koma fili fetal. To, a nan muke sukuwa. Ba shinge, ba rumfar manyan baƙi, ba alƙali mai agogo. Wata tsamiya ce mafari, wata kuka can nesa ita ce iyaka, wanda ya riga ba ta baya shi ya ci. Rairayin nan da ya shimfiɗu daga Gumel zuwa Sule Tankarkar da Gagarawa, wanda manomi ke kuka da shi, shi doki ke so. Ba ya cin kofato, wanda ya faɗo kuma ya tashi ya kakkaɓe riga, a yi masa dariya, shi ke nan.

Ni a lokacin ban kai hawa ba, ɗan riƙon linzami ne a bargar kawuna. Kafin rana ta fito na share turke, na dama dusa da 'yar kanwa, na hau bishiya na jeho damin harawa. Akawal ne dokin, baƙi wuluk, mai cizo. Kawu ba ya karyawa sai ya ga dokin ya ci. Idan ya zo ɗaure sirdi sai dabbar nan ta kumbura ciki, shi kuwa ya tsaya yana ta hirarsa kamar bai gani ba, tana sakin numfashi ya ja bauji. "Kai yaro," in ji shi, "ba a gaggawa da mai ƙafa huɗu."

A ƙasar nan ta Lautai, wato Gumel, ba don ado aka fara ɗaure doki ba. Masarautar Mangawa ce, mai bin Borno a da, wadda jihadi bai ci ta ba, ga Haɗeja a gefe guda, ga Damagaram a arewa. Mai irin waɗannan maƙwabta ba ya kwana da turke babu doki. Da Turawa suka zo a 1903 yaƙi ya ƙare, aka bar wa doki hawan salla da kilisa da sukuwa.

Su Turawan ne suka kawo tseren kewaye, suka yanka masa filaye a manyan birane. Na Legas, inda aka sauke tutar Ingila a 1960, tuni kankare ya cinye shi, ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna, da aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, shi ne Dandalin Murtala. Na Kano yana nan a Nasarawa da sunansa, amma 'yan ƙwallo da masu motsa jiki sun fi dawaki zuwa.

Namu ba kankare ya fara kashe shi ba, fari ne. A 1973, sannan a 1984, wanda ya rasa abin ba 'ya'yansa ina zai ga dawar doki? Kawu ya kai akawal Maigatari, ya dawo da buhunan hatsi da ragama a hannu. Daga baya babur ya shigo, aka yanka bayan gari fuloti-fuloti.

Yanzu na ji ana ta maganar farfaɗo da sukuwa, kuma ina murna. Ana shirya gasa a garuruwan Arewa, attajirai na sayo dawakin Sudan masu dogayen ƙafafu, wani lokaci ma kyautar wanda ya ci babur ce, abin da ya kori dokin tun farko. Sai dai duk zancen na katanga ne da fenti da rumfa. Ban ji mai tambayar nawa damin harawa yake a watan bazara ba, ko wane yaro ne zai tashi da asuba ya share turke.

Wata Alhamis na ratsa kasuwar Maigatari, na wuce karar shanu da raƙuma har inda ake ɗaure dawaki. Wani dattijon dillali ya buɗe bakin wani kili yana duba haƙora. Yara uku na tsaye a bayan dokin, daidai inda ƙafarsa za ta same su, ba wanda ya sani a cikinsu. Ni na janye su.